Likitan Yagaggun Kuɗi

A tashar mota kowa Likita yake ce masa, shi kuma yana amsawa hankali kwance, alhali ko allura bai taɓa riƙewa ba. Majinyatansa takardun kuɗi ne, su ma ƙanana: biyar, goma, ashirin. Su ne masu shan wahalar duniya, daga hannun mahauci zuwa aljihun kwandasta, daga nan zuwa ƙullin zanen mai kayan miya, har su yi laushi, su yi baƙi, wata rana a ja su garin gardamar canji su rabe biyu. Manyan takardu ba sa zuwa wurinsa. Su 'yan gata ne, a walat suke kwana, ba wanda yake dunƙule su da jiƙaƙƙen hannu.

Teburinsa yana jingine da bangon ofishin tikiti, tsakanin mai shayi da mai gyaran takalma. Ba wani tebur ba ne, mai naɗewa ne, ƙafa ɗaya ma sai an tokare ta da dutse. A kai akwai fallen gilashi, da reza, da ɗan almakashi, da kwalbar gam, da naɗin salatif, da wani tsohon cokali da bayansa ya yi santsi. In ka kawo masa yagaggiyar takarda, faɗa zai fara yi maka tukuna, wannan kyauta ne. Sannan ya shimfiɗa ɓarin nan biyu a kan gilashi ya duba ko lambar dama ta yi daidai da ta hagu. Ya goge bakin yagar da auduga, ya laƙato gam da tsinken ashana, ya haɗa, ya yanko salatif siriri ya bi bayanta, ya murje da bayan cokali. In ya gama, sai ka ɗaga takardar a rana kafin ka gane inda ta yage. A cikin goma yakan ɗauki ɗaya, ladansa ke nan. Da wannan ɗaya-ɗayar ya ci, ya sha, ya biya haya, ya yi wa 'ya'ya huɗu hidima har kowa ya kama gabansa.

Auta ce kaɗai ta rage a kusa. Tela ce, mijinta kuma direban babbar mota, in ya tafi sai an gan shi. Da mahaifiyarta ta rasu ta kwaso kekenta ta dawo gidan, ta kafa shi a ɗakin gaba, uban yana ɗakin ciki. A lokacin ne ta ga abin da har yau in ta tuna gabanta yake faɗuwa. Tsohon ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ba kuka, ba magana, abinci yadda aka ajiye haka ake ɗaukewa. 'Yan'uwa suka yi rarrashi, suka yi faɗa, suka gaji suka watse. Wanda ya tashe shi ba ɗan'uwa ba ne, wani kwandasta ne da ake kira Ba-Canji, don maganar da ta fi sauƙi a bakinsa ke nan. Ya shigo ko gaisuwar kirki babu, ya zazzage aljihu a kan tabarma, ya ce, "Likita, asibiti ya cika, kai kana nan kana barci." Tsohon ya dubi tarin yagaggun kuɗin, ya yi tsaki, ya ce a miƙo masa tabarau. Washegari ya fita, da ya dawo ya cinye abincinsa tas. Tun daga ranar Auta ta san cewa muddin akwai aiki a kan teburin nan, ubanta zai tashi da safe.

Ana nan sai ga sanarwa a rediyo. Wai ƙananan takardu saurin mutuwa suke yi, kuɗin buga su ya fi abin da suke saye, don haka za a sauya su da kuɗin ƙarfe. An ba da wa'adi zuwa ƙarshen shekara. Kafin nan banki zai karɓi tsohuwar takarda in dai cikakkiya ce da lambobinta; bayan nan kuwa, mai ita ya riƙe abarsa ya yi fifita.

Mai shayi ya ƙara sautin rediyon, ya leƙo ya ce, "Likita, ka ji? Za a rufe maka asibiti."

"Yau aka fara faɗa?" in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Wa zai yarda ya riƙa yawo da ƙarfe a aljihu kamar maƙeri?"

Kowa kuwa ya yarda, don ba a tambayi kowa ba. Da farko ma kasuwarsa buɗewa ta yi. Mutane suka tono yagaggun kuɗin da suka manta a ƙarƙashin katifa da cikin gwangwani, suka yi layi a gabansa don a gyara su kai banki. Har sai da ya sayi sabuwar kwalbar gam, babba. Ya riƙa dawowa gida yana cika baki, wai ga waɗanda suka ce an rufe asibiti. Ashe irin hasken nan ne da fitila take yi in mai ya kusa ƙarewa.

Sulallan suka zo sababbi fil, suna ƙyalli, suna surutu. Ni dai ban taɓa ganin kuɗi mai tonon asiri irinsu ba. Mutum ba ya iya cewa ba shi da ko sisi, yana motsawa aljihunsa zai ƙaryata shi. Ba-Canji ya rasa uzuri, canji ya samu har yana janye masa wando ƙasa. Aljihuna suka fara ɓulewa, kuɗi na zuba ta ƙafar wando suna gangarawa ƙarƙashin mota, manya da gemunsu suna rarrafe a tasha. To, wa ake kai wa ɓulallen aljihu? Tela. Auta ta wayi gari aiki ya yi mata yawa. Ta fara ɗinka 'yan jakunkuna masu igiya da kwandastoci ke ɗaurawa a ƙugu, kafin ka ce kwabo kowa a tasha yana son irinsu. An ce faɗuwar wani tashin wani, sai dai a nan wanin da wanin gida ɗaya suke kwana, kuma Auta ba ta taɓa karɓar kuɗin jaka ɗaya da daɗin rai ba.

Likita bai fasa fita ba. Yakan buɗe tebur, ya tokare ƙafar, ya jera kayan aiki, ya goge gilashi. In ya ɗan jima ya sake goge shi. Faɗan ma da yake yi kyauta ya rasa wanda zai yi wa. Ya fara dawowa da wuri, ya fara rage abinci. Wata rana Auta ta kai jakunkuna tasha, mai shayi ya ja ta gefe ya ce, "'Yar Likita, tun safe ko ɗaya bai samu ba. Jiya ma haka. Shayin da na ba shi a nan ya huce." Da ta koma gida ta leƙa ɗakin ciki, ta tarar da shi kwance da rana tsaka, fuskarsa a bango. Ta daɗe a bakin ƙofa tana kallon bayansa. Ta san wannan kwanciyar.

A ƙarƙashin kekenta akwai gwangwanin da take zuba kuɗin ɗinki, kuma har lokacin wasu da takarda suke biya. Ta zaro ashirin guda, lafiyayya, ba abin da ya same ta. A gidan nan aka haife ta, gidan da in yaro ya dunƙule kuɗi sai ya sha ranƙwashi. Duk da haka ta yaga ta. Ta biyun ba ta yi mata wuya kamar ta farko ba.

Da Ba-Canji ya zo karɓar jakarsa ta danƙa masa su a ƙyalle. "Ka kai wa Baba gobe. Ka ce a motarka fasinja suka yaga."

Ya buɗe ya gani, ya riƙe baki. "Haba Yaya! Ke kika yi wannan? In ya gano fa? Mutumin nan ido gare shi kamar shaho."

"Idon ya tsufa. Kai dai ka kai. In ya gyara ka dawo min da su, ladansa ka bar masa."

"Ni fa tsoron bakinsa nake."

"Ka fi son ka zo ta'aziyya?"

Ba-Canji ya naɗe su. Ya tura ƙyallen a sabuwar jakarsa ya fita.

Washegari Likita ya dawo da yamma liƙis, yana mita tun daga ƙofa. "Mutanen yanzu ba su san darajar kuɗi ba, Auta. Takarda lafiyayya, su kama ta su yaga tsaf. Na wanke yaron nan tas yau." Ya ce a ƙaro masa abinci. Auta ta duƙa a kan keke kamar zare ne ya sarƙe mata, don kada ya ga fuskarta.

Da yake ba zai yiwu kullum motar mutum ɗaya ce ake yaga kuɗi a cikinta ba, Ba-Canji ya jawo mai shayi, mai shayi ya jawo mai takalma, aka sa direbobi biyu, aka sa mai sayar da tikiti. Sirrin da ya shiga tashar mota kuwa, sunan sirri kawai ya rage masa. Ba da daɗewa ba kowa ya sani, har masu dako, ban da mutum ɗaya. Kuma don Allah suke yi, wannan ba na musu. Sai dai 'yan tasha ba su iya yin abu kaɗan ba. Wani zai zo yana haki, yana "Likita, ka cece ni!" a kan takardar biyar, a sha faɗa, a sunkuyar da kai, a juya ana ƙifta wa juna ido. Tsohon ya murmure, har kumatu ya yi.

Takardun kuwa kullum ƙara wuya suke. Auta ta riƙa zaga kasuwa tana ba da sulalla ana ba ta takarda, wani wurin sai ta ɗora wani abu a kai. Da farko tana kula sosai. Takan murje takardar, ta ɗan jiƙa ta, ta goga mata ƙasa, sannan ta yaga a hankali. Amma ga jakunkuna ana jira, ga aljihuna tuli, ga girki. Rannan tana sauri, hannunta ya yi abin da ya saba. Duk tela in zai yaga yadi, ɗan tsaga bakin yake yi da almakashi, sannan ya kama gefe da gefe ya ja, ƙyat. Haka ta yi wa takardar. Ta ga ya fi sauri, gobe ma ta yi haka, jibi ma haka, ba ta ma lura tana yi ba. Hannun da ya shekara goma sha wani abu yana yanka yadi ba ya neman izinin mai shi.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ya dawo. Akwatin kayan aikinsa yana hannu ɗaya, teburin a naɗe a ɗaya hannun. Teburin nan a ofishin tikiti yake kwana, bai taɓa zuwa gida ba. Auta tana ganinsa ta ɗauke ƙafa daga kan keke.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau." Ya jingine teburin, ya zauna a bencin da masu kawo ɗinki suke zama. Ya cire tabarau. "Yago min ɗan ƙyalle in goge wannan."

Ta jawo ragowar yadi, ta tsaga bakin da almakashi, ta ja, ta miƙa masa. Bai goge komai ba. Ya mayar da tabaran, ya shimfiɗa ƙyallen a kan teburin keke, ya sa hannu a aljihu ya fito da ɓarin takardu ya jera su a gefensa ɗaya bayan ɗaya. Kowacce a samanta akwai 'yar tsaga miƙaƙƙiya, ba ta kai faɗin farce ba, daga nan yagar ta ɗauka.

"Kuɗi in ya yage don kansa, kan ninki yake bi," ya ce, a hankali yake magana. "In faɗa aka yi aka ja shi, a karkace yake tafiya. Wannan kuwa almakashi ne ya buɗe masa hanya."

"Baba..."

"Na kwana biyu ina gani ina ƙaryata idona. Na ce tsufa ne. Yau na tambayi mai shayi, ya kasa kallona. Na juya wajen mai takalma, wai fitsari ya matse shi. Tasha guda, Auta! Ina zaune a tsakiya ina zuba musu faɗa, suna ta yi haƙuri Likita, yi haƙuri Likita. Ashe abin wasa aka ba tsoho don kada ya yi kuka."

"Wallahi ba haka ba ne. Tsoro na ji. Na ga ka fara irin kwanciyar da ka yi bayan Inna, na rasa yadda zan yi."

"Da kin bar ni na kwanta da mutuncina."

Ta durƙusa a gabansa tana kuka, tana ba shi haƙuri. Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. "Da sadaka kika sa min a hannu, da na haɗiye. Lafiyayyun kuɗi kika yaga. A gidana, da hannun da na rene." Ya tattara ɓarin takardun ya ajiye mata a kan cinya, ya ɗauki akwatinsa ya shige ciki. Ta ji ƙarar tura shi ƙarƙashin gado.

Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Ni ban ga laifinta ba, ban kuma ga nasa ba, shi ya sa abin yake min ciwo. Waɗanda nake ganin laifinsu su ne yayyenta, masu hukunci ta waya. Wanda bai taɓa aiko da ko sabulu ba, shi ne ya fi kowa sanin yadda ake riƙe uba. Suka kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ya wanke ta, ya kashe waya ya koma harkarsa, aka bar ta da kwanon abinci a hannu a bakin labule.

'Yan tasha suka zo ban haƙuri a ƙungiyance, suka cika ɗakin gaba, mai shayi ne mai magana. Tsohon ya fito ya gaisa da su ɗaya-ɗaya, ya yi musu godiya, ya tambayi iyali, ya ce ba komai. Wanda ya saba shan faɗansa ya san wannan ladabin ba alheri ba ne. Suka fita jiki a sanyaye. Shi kuma ya koma ya kwanta. Cokali biyu, uku, ya ture kwano. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Auta takan tsayar da keke a tsakiyar ɗinki ta kasa kunne, sai ta ji tarinsa sannan ta ci gaba.

Ana gobe wa'adi zai cika, da la'asar, aka yi sallama. Ba-Canji ne, bayansa wata tsohuwa 'yar ƙarama, tana haki, ta rungume wani ƙunshi a ƙirji. Auta ta tare su a ƙofa.

"Ba-Canji, ka rufa min asiri ka koma. Wanda muka yi bai isa ba?"

"Yaya, wallahi tallahi wannan ta gaske ce. Da safe a bakin hanya ta tsayar da mu, muka shigo da ita gari. Yanzu daga banki take, sun ce sai ta haɗa su tukuna. Tana ta tambayar ina mai gyara, duk tasha aka nuna ni."

Tsohuwar ta matso, tana kallon Auta da gefen ido ɗaya, ɗayan ya yi fari. "'Yar nan, tsintsiya nake sayarwa. Abin da nake samu a cikin matashi nake turawa, ina tarin kuɗin aikin idon nan. Ni ba rediyo gare ni ba, shekaranjiya jikar maƙwabciyata take gaya min wai za a daina karɓar takarda. Na farke matashin, na tarar ɓera ya riga ni. An ce babanki yana da hannu."

Auta ta ji wani abu ya taso mata, rabi tausayi rabi murna, har ta ji kunyar murnar. Ga aiki na gaske ya biyo shi har gida. Ta ɗaga labule ta shigar da su.

Likita ya tashi zaune don girman baƙuwa. Tsohuwar ta zauna a bakin tabarma, ta gaishe shi, ta sake faɗin abin da ta faɗa a ƙofa, ta ajiye ƙunshin ta fara kwance ƙullin. Yatsunta ba ƙarfi, ƙullin ya yi tauri, gefe ɗaya kawai ya buɗe. Shi kuwa ba ƙunshin yake kallo ba. Ya dubi Ba-Canji da ke raɓe a bakin ƙofa, ya dubi 'yarsa, ya ga yadda idonta yake ƙyalli. Sai ya kawar da kai.

"Wannan karon har da tsohuwa aka ɗauko?"

"Baba, ka duba kawai," in ji Auta. "Kallo ɗaya. Kai da kanka za ka gane."

"Na gama dubawa." Ya juya wajen baƙuwar. "Baiwar Allah, nawa suka ba ki?"

"Su wa?"

"An koya miki da kyau. Har da ɓera, har da ciwon ido. Ki ce su cika miki ladanki, kin yi ƙoƙari."

Ba-Canji ya fara rantsuwa, tsohon ya ɗaga masa hannu. Tsohuwar ta jawo bakin ƙyallen ta mayar da ƙullinta. Sannan ta dube shi.

"Malam, ni ban san ka ba, ban san 'yarka ba. An ce min akwai mai gyara, na zo. In ba ka yi, ka ce ba ka yi. Amma ban tako da furfurata don a kira ni maƙaryaciya ba."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ba-Canji ya miƙa hannu zai taimake ta, ta ture. Auta ta bi ta har waje da gwangwanin kuɗin ɗinki, tana cewa, "Iya, tsaya, don Allah. Kawo in canza miki abin da zan iya da sulalla."

"Ba bara na zo ba, 'yar nan."

Ba-Canji ya ce ta zo ya mayar da ita kyauta, ta ce ta gode, ta san hanya. Motarsa tana jiransa, ya ruga tasha. Ita kuma ta bi gefen titi a hankali, ƙunshinta a ƙirji, har ta sha kwana. Auta ta tsaya da gwangwani a hannu. Ranar ce rana ta farko da ta ji haushin ubanta har cikin ranta, ta ƙudurta ba za ta shiga ɗakin ba sai ta huce. Ta koma kan keke ta zauna, ba ta ɗinka komai ba.

An ɗan jima sai ta ji, "Auta!"

Ta daɗe ba ta ji wannan muryar ba. Ta shiga da gudu. Yana tsaye a bakin taga, tabarau a hanci, tafin hannunsa a buɗe. A kai akwai wani ɗan guntun takardar goma, kusurwa ɗaya, wanda ya faɗo a kan tabarma lokacin da ƙunshin ya buɗe. Ya bi bakinsa da yatsa. Ya kai hanci ya shinshina.

"Kin gani? Haƙori ne." Ya miƙo mata guntun. "Ɓera ne, Auta. Ɓera ne na gaske. Ina ta yi?"

Ko hula bai ɗauka ba. Auta ta bi shi da takalmansa a hannu. Suka sha kwanar da ta sha, suka tambayi mai kanti, suka tambayi mai faci, wani ya ce ya ga tsohuwa ta yi gabas, wani ya ce ta hau mota. A tasha Ba-Canji ya ce shi a bakin hanya ya ɗauke ta, wajen da ba gida ba kanti, ko sunan unguwarta bai tambaya ba. Washegari tun kafin a buɗe banki Likita yana bakin ƙofa da akwatinsa, yana leƙa fuskar duk tsohuwar da ta shiga layi. Layin ya yi tsawo, ya gajarce, ya ƙare. Mai gadi ya ja ƙofa ya rufe. Ba ta zo ba.

Yanzu kullum yana fita. Yakan buɗe teburin a wurinsa na da, ya tokare ƙafar, ya jera reza da gam da cokali, guntun takardar nan yana danne a ƙarƙashin gilashi. Ba wanda yake kawo masa komai, ba kuma wanda yake gigin yi masa wasa. Sulalla na ta ƙara a kowane ƙugu suna wucewa ta gabansa. In mota ta tsaya yakan miƙe ya duba masu sauka, in sun ƙare ya zauna. Yana cin abinci, don mai jira yana bukatar ƙarfi. Auta ta samu abin da ta yi ta nema, ubanta yana tashi da safe, amma duk ranar da ta ga ya ɗauki akwatin nan sai ta ji kamar ta kira shi ya dawo.

Wata rana ta kai masa abincin rana da kanta. Ta zauna a bencin mai shayi har ya gama, sannan ta ce, "Baba, ko ta zo yanzu, wa'adi ya wuce. Ko ka gyara ba mai karɓa."

"Na sani."

"To me kake jira?"

Ya daɗe yana kallon gilashin. "So nake in ce mata na duba," ya ce. "In ce mata gaskiya ta faɗa."

Wata mota ta shigo tasha tana hon. Ya dafa teburin ya miƙe, ya gyara tabarau, ya fara duba masu sauka.